Neman fok ɗin da zai ɗauki kilo 117

Asabar, 8 ga Maris, 2025

Fok ɗin keken nan, wato ƙafafu biyun da ke riƙe tayar gaba suna shanye gargada, zai sauka, na gama magana. Yau a wata gangara mai duwatsu da na saba bi, na taɓa birkin gaba kafin kwana, sai gaban keken ya durƙusa kamar raƙumi, ƙarfe ya daki ƙarfe, ƙwal, na ji shi har cikin haƙorana. Ban faɗi ba, amma sauran gangarar da ƙafa na ƙarasa ta ina tura keke.

Da na dawo na hau sikeli da kayan hawa gaba ɗaya: hular kwano, takalmi, jakar baya da ruwa lita 2 da kayan gyara. Kilo 117. Ba kaya, 112. Keken kansa 14.5, wato taya biyun nan suna ɗauke da kilo 131.5. Masu ƙera keke suna sa iyaka ga jimlar nauyin mahayi da keke da kaya. Trek, alal misali, kilo 136 take rubutawa ga yawancin kekunanta na hawan dutse. Ban ƙetare irin wannan iyakar ba, amma ina jin numfashinta.

Na sa ƙanena ya riƙe min keken, na ɗaura 'yar roba a sandar fok don ta nuna iyakar nutsewarsa, na hau na miƙe kan feda a hankali, na sauka. Ya ɗora ma'auni ya ce, "Yaya, milimita 50 fa." Zurfin tafiyar fok ɗin duka 120 ne. Ke nan tun kafin taya ta taɓa dutse ko ɗaya, nauyina kaɗai ya cinye sama da kashi 40 cikin 100. Abin da ake so kashi 15 zuwa 20 ne. Sifirin ɗin ƙarfe ne a ciki, an yi shi don mutum matsakaici, kuma makunnin ƙara masa tauri tuni na murɗe shi har ƙarshe.

Talata, 11 ga Maris

Kafin in fara kallon hotunan fok ina haɗiyar yawu, na zauna da ma'auni na rubuta abin da firem ɗin zai karɓa. Taya inci 29 ce. Bututun gaban firem mai faɗin ƙasa ne, inci 1 1/8 a sama, 1.5 a ƙasa, sai dai tsohon fok ɗin wuyansa miƙaƙƙe ne, an cike gibin da wani zobe. Wannan labari ne mai daɗi, domin fok ɗin kirki na yanzu kusan duk mai kaurin gindin wuya ne. Littafin da ya zo da keken ya yarda da fok har mai tafiyar milimita 140.

Inda gizo ke saƙa shi ne wilin gaba. Nawa irin na da ne, mai siririn tsinke da ake ɗamewa da hannu, milimita 9 a faɗin 100. Duk fok ɗin da nake hange aksil mai kauri yake so, 15 a faɗin 110, wanda ake kira Boost. Hob ɗina, wato cibiyar wilin, ba ya juyuwa zuwa wannan. Ashe fok da wili zan saya, ba fok kaɗai ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Na kwana biyar ina karatu, kuma na fara da kuskuren da nake zaton masu jiki irina da yawa suna yi. Tunanina na farko shi ne, tunda ina kai fok ƙarshensa, to mai doguwar tafiya nake bukata, 160 ko 170. Makanikin da ke duba min keke, dattijo ne mai ƙarancin magana, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, tsawo daban, ƙarfi daban." Ya kama birkin gaba, ya tura keken gaba da baya, ya ce in sa ido a kan sandunan. Na ga suna lanƙwasa baya suna dawowa kamar karan dawa a iska. Ya kuma matse tayar tsakanin gwiwoyinsa ya murɗa sitiyari: sitiyarin ya juya, tayar tana nan inda take.

Wannan lanƙwasar ita ce ciwon mai nauyi, kuma ba a ganinta a jadawalin talla. Sandunan sama suna zamewa ne cikin kube biyu na ƙasa, a kan wasu bushin. In sandar ta lanƙwasa, sai ta cije a jikin bushin ɗin, fok ya daina motsi daidai lokacin da aka fi bukatarsa, wato ana birki a kan duwatsu. Mai kilo 65 zai iya shekara a kan fok ɗin bai san da wannan ba. Ni kuwa kowace gangara sai na sani. In na ƙara tsawo a kan sirara sanduna, dogon hannu kawai na ba nauyina ya ƙara tanƙwara su.

Sandunana milimita 30 ne. Na yi ɗan lissafi a bayan takarda: idan kaurin bangon bututu bai canja ba, taurinsa wajen lanƙwasa yana tashi ne da faɗinsa sau kansa sau kansa. Daga 30 zuwa 35 ya kusa ƙarin kashi 60 cikin 100. Daga 35 zuwa 38 kuma ƙarin bai kai kashi 30 ba. Lissafin allo ne, domin kafaɗar fok (inda sandunan suka haɗu da wuya) da gadar da ta haɗa kuben biyu da aksil duk suna da nasu rabon, amma ya nuna min inda riba ta fi yawa: tsallen farko.

Kamfanin Fox sun sauƙaƙa wa mutane, lambar da ke sunan fok ita ce kaurin sandarsa: 32, 34, 36, 38, 40. RockShox kuwa sai ka haddace: Recon 32 ne, Pike da Yari da Lyrik duk 35, ZEB da Domain 38. Marzocchi, wadda Fox ta sayi sashen kekunanta a 2015, tana da Bomber Z2 mai 34 da Z1 mai 36. Manitou Mezzer kuwa ya tsaya a 37, ga gadarsa a baya maimakon gaba.

Juma'a, 21 ga Maris

Na cire masu 38 daga lissafi, duk da zuciyata ta so su. Fox 38 da ZEB sun fito a 2020 don masu tsere a gangara mai tsanani da kekuna masu batir, kuma tafiyarsu daga 150 ko 160 take farawa. Firem ɗina bai yarda da hakan ba. Tsawon fok daga aksil zuwa kafaɗa, duk ƙarin milimita 20 yana kwantar da kusurwar gaban keke da wajen digiri ɗaya, yana kuma ƙara ƙarfin da ke fizgar bututun gaba. Mutum mai kilo 117 ba shi ne zai yi wa walda gwaji ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da ya fi cin lokacina a makon nan shi ne iska ko sifirin ɗin ƙarfe. Z1 yana da na ƙarfe mai tauri hawa huɗu, kuma duk wanda ya hau fok mai sifirin na kirki yana yabon laushinsa a kan ƙananan tsakuwa, ga ƙarancin gyara. Amma hawa huɗu ne kawai. In na faɗa can ƙarshen na huɗun, ba na biyar da zan nema. Iska kuwa ana ƙara ta psi ɗaya-ɗaya (psi shi ne ma'aunin matsin iska), sannan nauyina ba ya zama wuri guda, akwai watannin da nake sauka 108, akwai waɗanda ba na son hawa sikeli. Iska na zaɓa.

Sai dai ita ma iska tana da rufi. Kowane fok yana da iyakar matsin da aka rubuta a jikinsa. Na Fox 36 psi 120 ne, kuma jadawalinsu yana ƙarewa a kilo 109 zuwa 113. Na Lyrik psi 163 ne, jadawalin kuma layinsa na ƙarshe daga kilo 99 ne zuwa sama. Ba a kwatanta psi na wannan da na wancan kai tsaye, domin faɗin fistin ɗinsu ba ɗaya ba ne, 100 a nan ba 100 ba ce a can. Abin da na duba shi ne tazarar da za ta rage tsakanin matsin da zan bukata da rufin. Ina son in hau fok ɗin da ke da sauran numfashi.

Alhamis, 27 ga Maris

Saura biyu: Pike da Lyrik, dukansu 35, dukansu akwai mai 140. Na ɗauka tunda kaurin sanda ɗaya ne, ƙarfi ma ɗaya ne, ashe a'a. An gina Lyrik don tafiya har 160, saboda haka kafaɗarsa da kubensa sun fi ƙwari, nauyinsa kuma ya ɗara kilo 2 kaɗan, yayin da Pike bai kai ba. Bambancin bai wuce giram ɗari da 'yan kai ba. Wani abokin hawana, siriri kamar tsinken tsintsiya, ya ce zan ji nauyin a hawan tudu. Na ce masa ruwan da ke jakata ya ninka wannan sau goma, ballantana abin da ke gaban rigata.

Na ba da odar Lyrik mai 140, na taya 29, mai gocewar aksil milimita 44, wato yadda aksil ya fito gaba da layin wuyan fok. Tsohon nawa 51 ne. Gajeriyar gocewa tana sa keke ya ƙara natsuwa da gudu, kuma firem na zamani ita suka fi so. Na haɗa da wili mai waya 32 da rim mai faɗin ciki milimita 30, zoben ƙasa na wuya mai inci 1.5, faifan birki na milimita 200, da famfon fok. Famfon taya ba ya wannan aikin.

Asabar, 5 ga Afrilu

Kaya sun iso, mun ɗaura a wurin makanikin. Ni na so in yi da hannuna, shi kuma ya zauna a kujera yana kallo, sai in ya ga zan yi ɓarna ya yi gyaran murya.

Gyaran muryar farko a kan yankan wuya ce. Na jera tsohon fok da sabo zan yi alama daidai da tsohon, ya ce, "Tsaya tukuna." Zoben ƙasa na sabon ba kauri ɗaya ba ne da wancan mai cike gibi. Muka buga zoben, muka zura fok cikin firem da boris da komai, muka ɗora zoben tazara da maƙallin sitiyari, sannan na ja layi, na sauko milimita 3 ƙasa da shi. Ya sa na ƙara zoben tazara na milimita 10 a sama kafin in yanka. Wuya in ya yi tsawo gobe a rage, in ya gajarce sai sabon fok. Zarton ya shiga alminiyon ɗin da sauƙi, hannuna ne ke rawa.

Wurin birki na sami sa'a. Tsohon fok mazaunin birkinsa na faifai 160 ne, da 'yar gadar ƙarin milimita 20 aka kai shi 180. Sabon mazauninsa na 180 ne, don haka gadar nan ita ce ta kai ni 200 ba tare da na sayi wata ba. Murnar ba ta daɗe ba: fok ya ƙara tsawo da wajen milimita 20, tiyon birki ya zama gajere, in na juya sitiyari hagu har ƙarshe sai ya miƙe kamar tsirkiya. Laifina ne, ban auna ba. Sai an sa sabon tiyo an yi wa birkin zuƙar iska. Keke zai kwana a can.

Laraba, 9 ga Afrilu

Saitin nutsewa, a tsakar gida, ni da ƙanena. Bawul ɗin yana saman ƙafar hagu. Na buɗe makunnin dannuwa, mai taƙaita saurin nutsewar fok, gaba ɗaya, na hura zuwa psi 100, ina tsayawa lokaci-lokaci ina danna fok ɗin sau biyar-shida. Dalili shi ne ɗaki biyu ne a ciki, na sama da ke ɗaukar nauyi da na ƙasa da ke tausasa farkon motsi, kuma ta wani ɗan lotsi a jikin bututu suke daidaita iskarsu. In ba a danna ba, agogon famfo ƙarya zai faɗa maka.

A 100 robar ta nuna milimita 36. A 110, 31. A 116, 28 cif, kashi 20 cikin 100 na 140. Na tsaya nan.

Na kusa ɓata wa kaina rai da famfon. Duk lokacin da na cire shi sai in ji fis, in na mayar in ga agogo ya ragu da psi uku ko huɗu, na ɗauka bawul na yoyo. Ba yoyo ba ne. Fis ɗin iskar tiyon famfo ce, ragin kuma iskar da ta fito daga fok ta cika tiyon ce da na sake ɗaurawa. Lambar da ka gani kafin ka cire ita ce gaskiya.

Asabar, 12 ga Afrilu

Hawan farko, kuma ban ji daɗinsa ba. Gaban keke yana ta tsalle, bayan kowane dutse sitiyari ya harbo ni a tafin hannu, tayar tana barin ƙasa a kwana. Minti ashirin na yi ina zargin kaina da zubar da kuɗi.

Na zauna a kan wani kututture ina huci, sai idona ya faɗa kan jan makunnin da ke gindin ƙafar dama, mai hoton zomo a gefe ɗaya, kunkuru a ɗayan. Ban taɓa shi ba tun da fok ya fito daga kwali. Nan ne kan zancen. Iska doki ce, man da ke ƙafar dama shi ne linzami. Na ƙosar da doki da psi 116, na bar masa linzamin da aka saita wa mai psi 70. Duk yadda matsi ya ƙaru, haka ƙarfin da fok ke dawowa da shi yake ƙaruwa, dole a ƙuntata ramin da man ke bi. Mai nauyi kullum ɓangaren kunkuru yake karkata.

Na murɗe shi har ƙarshen kunkuru, na fara dawowa ƙyas-ƙyas ina ƙirgawa. Gwajin mai sauƙi ne: ka tsaya gefen keke, ka danna sitiyari da ƙarfi, ka saki hannu farat ɗaya. In taya ta yi tsalle ta bar ƙasa, ya yi sauri. In kana iya ganin fok yana miƙewa a kasalance, ya yi jinkiri, kuma a jerin duwatsu zai riƙa nutsewa bai gama dawowa ba har ya ƙare. A ƙyas biyar daga ƙarshe tayar ta daina barin ƙasa. Na koma saman gangarar na sake saukowa. Kai ka ce wani keken ne. A wurin nan da raƙumi ya durƙusa ranar 8 ga Maris, na ja birki da gangan fiye da yadda ya kamata, gaban ya sunkuya kaɗan ya tsaya, tayar ta bi layin da na nuna mata.

Wannan ne ya sa yanzu nake ganin abin da ya kamata mai jiki ya fara tambaya a kan fok, bayan kaurin sanda, shi ne ko linzaminsa na da ƙarfin da zai riƙe iskar da za a hura masa. Saura ƙyas biyar gare ni. Da a ƙarshe na tsinci kaina kuma yana tsalle, sai an buɗe an sake masa saitin ciki.

Asabar, 19 ga Afrilu

Akwai wani ɗan tsalle da bai kai ƙugu ba a hanyar. Sau uku na dira, sau uku robar tana manne da kafaɗa. Hannuna ya kai kan famfo, sai na fasa. In na ƙara iska nutsewar za ta koma milimita 22 ko 23, in rasa laushin da na sha wahalar samu. Matsalar a ƙarshen tafiya take, maganinta kuma a ƙarshen tafiya yake: robobin nan da RockShox ke kira Bottomless Tokens, masu rage girman ɗakin iska. Ɗaki in ya ƙanƙance, farkon motsi yana nan kusan yadda yake, amma matsi yana tashi da sauri can ƙasa.

Na sauke iskar duka, kuma wannan ba abin wasa ba ne, murfin da ke da psi sama da 100 a ƙarƙashinsa harsashi ne. Na kwance murfin da makullin cire giyar baya, na ɗaura roba ɗaya, na mayar, na sake hurawa zuwa 116.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Saura milimita 6 tsakanin roba da kafaɗa bayan tsallen. Haka nake so, a bar ɗan guzuri don ranar da zan dira a karkace. Na gwada ƙara ta biyu don son sani, tafiyar fok ta ƙi wuce milimita 120, kafaɗuna suka gaya min. Na cire.

Lahadi, 11 ga Mayu

Wata guda ke nan. Na sauko da iskar zuwa psi 113, na ƙara ƙyas biyu a makunnin dannuwa mai jinkiri, wanda ke riƙe gaba lokacin birki da lokacin da na miƙe ina taka feda. Jiya wani abu ya fara ƙas-ƙas a gaba, gabana ya faɗi, na ɗauka bushin. Na kama birki, na sa yatsa a mahaɗar firem da boris na sama, na girgiza keken, sai na ji motsin a nan. Boris ne ya zauna ya saki. Na sassauta notin maƙalli biyu, na ɗan ɗame na sama, na mayar da su a kan ƙarfin ɗauri Nm 5. Shiru.

Wani abin da ban zata ba: tunda gaba ya daina lanƙwasa, yanzu wilin baya nake ji yana wutsil-wutsil a kwana. Da can rawar fok ta rufe masa asiri.

Asabar, 14 ga Yuni

Na ƙirga awoyin hawa daga littafin nan, sun kai 47. RockShox ta ce a sauke kuben ƙasa a canja mai a wanke soson da ke ƙarƙashin sil (robar da ke hana ƙura shiga) duk awa 50, babban gyara kuma a awa 200. Na lura tun makon jiya sandunan ba sa fitowa da ɗan danshin man nan da suke yi da farko, in na shafa yatsa a bushe nake ji. Mai da sababbin washa na matse noti sun iso, gobe da safe zan juya keken in buɗe. Makanikin ya ce in kawo wilin baya ranar Litinin ya duba ɗaurin wayoyinsa, in kuma rim ɗin ne ya gaji mu san abin yi.